Tsawon lokacin neman diyyar rauni a Abuja

Neman diyyar rauni shi ne wanda ya ji ciwo saboda sakacin wani ya buƙaci a biya shi kuɗin magani, da abin da ya rasa na samu, da wahalar da ya sha. A Abuja yawanci hatsarin mota ne ke jawo shi, kamar a hanyar Nyanya da Mararaba ko ta Kubwa, sai faɗowa a wurin gini. Doka ba ta yanke ranar gamawa ba. Abin da ke sa a daɗe ko a gama da wuri shi ne hanyar da aka bi, da kuma yadda raunin ya kasance.

Hanya mafi sauri ita ce sulhu. Dangi da shugabannin tasha su zauna, direba ya ce "na ɗauki nauyin asibiti", a rubuta takarda, cikin makonni an rufe magana. Sai dai saurin na da haɗari: karayar da aka ɗauka ɗori zai gyara tana iya komawa tiyata bayan wata uku, alhali mai ciwon ya riga ya sa hannu cewa ya yafe saura. Shi ya sa lauyoyi ke jiran rahoton likita na ƙarshe kafin su faɗi kuɗi. Malaman Malikiyya ma haka suka tafi, ba a ƙaddara diyyar rauni sai ya warke. Mai son sulhu da hatimin kotu yana da cibiyar sasanci ta Babbar Kotun Abuja, wadda aka buɗe a 2003.

Ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki yana ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa. Zai sanar da kamfanin da yake wa aiki cikin kwana 14, kamfanin ya kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7, a nemi diyyar cikin shekara guda. Inda ake samun cikas shi ne idan kamfanin bai taɓa biyan kashi 1 cikin 100 na albashi da dokar ta ɗora masa ba.

A kotu kuwa lissafin shekaru ake yi. A Abuja wa'adin shigar da ƙarar rauni shekara 3 ne, amma idan jami'in gwamnati ake tuhuma kan aikinsa, dokar kare jami'ai ta taƙaita shi zuwa wata 3, kuma mutane da yawa suna kwance a asibiti wa'adin ke wucewa. Bayan an shigar, isar da sammaci kaɗai na iya cin watanni in direban ya yi layar zana. Sai ɗage zama: yau likitan da zai ba da shaida yana ɗakin tiyata, gobe ɗan sandan da ya zana wurin hatsarin an yi masa canjin wurin aiki. Ga hutun kotu na shekara, ga yajin aiki irin na ma'aikatan shari'a a 2021, wanda ya rufe kotuna kusan wata biyu. Mafi ciwo shi ne a ɗaga alƙali zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ana tsakiyar sauraro, domin sai a faro daga farko. Sashe na 294 na tsarin mulki ya ba alƙali kwana 90 ya yanke hukunci, amma daga ranar jawabin ƙarshe na lauyoyi ake ƙirgawa.

Hukunci ma ba kuɗi ba ne a hannu. Wanda aka kayar yana da wata 3 ya ɗaukaka ƙara, kuma in kuɗin na hannun jami'in gwamnati ne, doka ta ce sai da yardar Antoni Janar kafin a taɓa su.

Misalin irin wannan daɗewa da aka fi sani a Arewa shi ne gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. An sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75 a 2009, iyalai huɗu na farko kuma suka karɓi dala 175,000 kowannensu a 2011, shekara 15 bayan gwajin.