Fuskar da ruwa ba ya kamawa

Fuskar da ruwa ba ya kamawa, wadda masana ke ce ma sufa-haidirofobik, ita ce saman duk wani abu da in an ɗiga mishi ruwa ba ya jiƙa, sai ɗigon ya dunƙule ya gangare ya bar wurin a bushe. Ana auna ta da kusurwar da gefen ɗigon ya yi da saman abin. In kusurwar ta wuce digiri 90 an ce abin na ƙin ruwa, amma ba ya shiga wanga aji sai ta haura 150, kuma ɗigon ya gangara tun ba a karkata abin ya kai digiri 10 ba.

Yadda take aiki

Da yawa suna zaton santsi ne ke kawo haka, alhali akasinsa ne. Abu mai santsi, ko da Teflon ne da ake shafe cikin kaskon suya da shi, kusurwarsa ba ta wuce wajen 120. Sai an haɗa abu biyu, kaki ko wani sinadari da ruwa ba ya so, da kuma ƙananan ƙuraje da ido ba ya gani. Iska na maƙalewa tsakanin ƙurajen, sai ɗigon ya zauna bisa kawunansu kawai, mafi yawan ƙasansa iska yake taɓawa ba abin ba, to da yake ƙwayoyin ruwa suna jan junansu sai ya dunƙule. Yana gangarawa yana kwashe ƙurar da ke kan hanya kaman dunƙulen fura da aka birkita cikin gari, shi ya sa ganyen da ke da wanga hali ke wanke kansa da an yi yayyafi.

Tarihi

Thomas Young na Ingila ne ya fara bayanin kusurwar ɗigo a 1805, amma shi kan fuska mai santsi ya yi magana. A 1936 Robert Wenzel a Amurka ya nuna cewa kaushi yana ƙara ma abu halin da yake da shi, mai son ruwa ya ƙara jiƙa, mai ƙin ruwa ya ƙara ƙi. Sai 1944 Cassie da Baxter, waɗanda binciken ulu da yadi suke yi a Ingila, suka kawo lissafin iskar da ke maƙalewa ƙarƙashin ɗigo. Har yau da sunayen mutanen nan ake kiran yanayin biyu, na Wenzel shi ne ruwa ya nutse cikin ramukan ya liƙe, na Cassie kuma yana zaune sama.

Maganar ta daɗe cikin takardu ba wanda ya damu da ita sosai, sai da wani masanin tsirrai Bajamushe, Wilhelm Barthlott, ya shiga duba ganyaye da maikiroskof na lantarki, na'urar da ke ƙara girman abin da ido ba ya gani, tun wajen shekarun 1970, ya lura wasu ganyen kullum tas suke ba sai an wanke ba. A 1997 shi da Christoph Neinhuis na jami'ar Bon suka wallafa binciken kan ganyen lotus, wani tsiron ruwa na Asiya da kusurwarsa ke kai wajen 160. Ba badon tafkunanmu ba ne, duk da ana yawan haɗa su. Shekara guda kafin nan, 1996, wasu masu bincike a Japan sun haɗa fuska ta wucin gadi da ta kai 174, sannan a 1999 fentin bango mai suna Lotusan ya shiga kasuwa a Jamus.

A cikin halittu

Ba sai an je Asiya ba. Ganyen gwaza na da wanga hali, haka kainuwa da gashin ganyenta ke riƙe iska, da gashin agwagwa. Ganyen shinkafa ma haka, kuma nasa ya fi ban sha'awa don yana da layuka a tsaye, ruwa ya fi saurin gangarawa ta tsawon ganyen fiye da ta faɗinsa. Manoman fadamar Argungu da Suru sun san abin ta wata fuskar, in an yi feshin magani ɗigon kan zame ya faɗi ƙasa, dan haka ake haɗa maganin feshi da sinadarin da ke sa ya baje ya kama ganye.

Amfani

Fentin gini, yadi da takalma, gilashi, kare ƙarfe daga tsatsa, da raga mai raba mai da ruwa. Batun hana ƙanƙara kama fikafikan jirgi da wayoyin wuta akwai saɓani, wasu gwaje-gwajen sun nuna raɓa na daskarewa cikin ramukan ta ƙara riƙe ƙanƙarar.

Matsaloli

Babbar matsalar ita ce rashin ƙarko, ƙurajen ƙanana ne ƙwarai, gugar hannu ko yashi ta ishe su lalacewa, ganye mai rai yana sake fitar da kakinsa amma fenti in ya goge ya goge kenan. Sabulu da mai ma suna iya kutsawa su jiƙa fuskar, kuma da yawa cikin sinadaran da ake shafawa masu fulorin ne, irin waɗanda ba sa ruɓewa a ƙasa ko ruwa. Game da shafa irin wanga sinadari bisa faifan sola dan ya riƙa wanke kansa, wankewar sai da ruwan da zai gangara, to a Gusau ko Birnin Kebbi ƙura ta fi yawa ne lokacin hunturu, watannin da ba a samun ko ɗigo, dole dai mutum ya hau ya zuba ruwa da kansa.