Ƙwari da gizo-gizo: ga amsoshin, a daina maimaita min tambaya

Duk damina sai tambayoyin nan sun dawo, kamar ba a taɓa amsa su ba. To, ga su wuri guda.

Wai mutum yana haɗiye gizo-gizo takwas a shekara cikin barci?

Ƙarya ce. Numfashinka da minsharinka kaɗai sun isa su kore shi. Me zai nema a bakinka?

Sauro yana yaɗa ƙanjamau?

A'a. Yawunsa yake zuba maka, ba jinin wanda ya ciza kafin kai ba. Maleriya da ciwon shawarar da yake kawowa ba su ishe ka abin tsoro ba?

Shan mangwaro fa, ba ya kawo maleriya?

Haba jama'a! Tun 1897 wani likita Bature mai suna Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya. Macen sauro ce ke ɗauke da ita. Ku ƙyale mangwaro, ku je lambu ku kwance gidan sauron da kuka katange tumatir da shi, ku mayar kan gado.

Ƙwaro ya shiga kunnen ɗana da dare. Zai kai ƙwaƙwalwa? Me zan yi?

Kwantar da hankalinki, Hajiya, ba zai kai ba. Dodon kunne ya toshe hanya. Ƙarar fukafukansa ce ke firgita yaro, amma abin da ya fi ɓata kunne shi ne tsinke da ashana da augar da ake cusawa. Kada ki sa komai mai tsini. Ki fara karkatar da kansa, kunnen ya kalli ƙasa, ki ɗan ja leɓatun a hankali, wataƙila ya faɗo da kansa. Wasu na haska tocila. Takan yi aiki ga ƙwaro mai bin haske, amma in kyankyaso ne sai ya ƙara lumewa, don haka ba na cewa a dogara da ita. In yana ta motsi, ana iya juya kunnen sama a ɗiga man zaitun ko man gyaɗa mai tsabta kaɗan, ba mai zafi ba, ya mutu. Amma fa da sharaɗi: in kunnen yana ruwa ko mugunya, ko akwai jini, ko an taɓa ce miki dodon kunnensa ya huje, kada ki ɗiga komai. Haka in ba ki tabbatar ƙwaro ba ne, don yara na cusa wake da masara, su kuwa ruwa kumbura su yake yi. Ko ya fito, in ciwo bai lafa ba ko jinsa ya ragu, a kai shi asibiti da safe, domin wani lokaci ƙafa ko fiffike na maƙalewa.

Na tashi da ƙuna a wuya, an ce gizo-gizo ya yi min fitsari.

An yi masa ƙazafi. Galibi wani siririn ƙwaro ne mai baƙi da ja, wanda a gabashin Afirka ake kira ƙudan Nairobi. Hasken fitila yake bi. Ba ya cizo, gubar tana cikin ruwan jikinsa, kai ka murtsuke shi a fatarka. In ka gan shi, hure shi. In ka riga ka murtsuke, wanke da sabulu nan take, kada hannun ya taɓa ido.

Kuɗin cizo na ƙazamai ne kaɗai?

Jini yake nema, ba datti ba. Har manyan otal yana shiga. Kuma don Allah a daina zuba fiya-fiya a katifar da yara ke kwana a kai.