Sodar sabulu ba ta zama a tukunyar dalma

Masu haɗa sabulu a gida da yawa suna ganin ƙarfe ya fi roba ƙarfi, don haka suke zuba kostik soda a tsohuwar tukunyar dalma ko gwangwanin madara. Wannan kuskure ne. Da zarar danshi ya shiga, soda za ta fara cin alminiyam ɗin da aka yi tukunyar da shi, tana fitar da iskar haidurojin mai saurin kama wuta. Danshin kuwa ba sai an zuba ruwa ba, ita da kanta take janyo shi daga iska, musamman da damina, har ta dunƙule, ƙarfinta ya ragu, sabulu ya ƙi kamawa.

Roba ta fi, amma ba kowace ba. A duba gindinta: mai lamba 2 ko 5 ce ke jurewa, muddin murfinta na rufuwa gam. Gorar ruwa da ta lemo lamba 1 ce, soda na lalata ta. Haɗarin gora ma ya wuce nan, domin narkakkiyar soda kamar ruwa take a ido, yaro na iya kurɓa ya ƙone maƙogwaro. A rubuta suna a jiki, a kulle ta nesa da kicin.