Tamostat na zamani da tanderun ɗumama gida: tsarin wayoyi da gano matsala

Tamostat na'ura ce da ake kafawa a bangon ɗaki domin auna zafin iska. Shi ke kunna injin ɗumama gida ko na sanyaya shi, ya kuma kashe idan zafin ya kai inda aka saita. Na zamani yana da allon dannawa da Wi-Fi, ana kuma sarrafa shi ta salula. Kamfanin ecobee na birnin Toronto ya fitar da nasa a 2008, Nest ya biyo baya a 2011, sannan Google ya sayi Nest a 2014 kan dala biliyan 3.2. A Amurka da Kanada aka fi haɗa su da tanderun gas, wanda ke hura iska mai ɗumi ta bututu zuwa kowane ɗaki. Akasarin lalacewar da ake ɗora wa waɗannan na'urori, idan aka bi diddigi, matsala ce ta wutar da ke ciyar da su.

Tsarin wayoyin

A cikin tanderun akwai ƙaramin taransifoma, galibi mai ƙarfin VA 40 (ma'aunin yawan wutar da zai iya bayarwa), da ke sauke wutar gida daga bolt 120 zuwa bolt 24. Wannan ƙaramar wutar ce ke zuwa bango ta siraran wayoyi masu lambar kauri 18, kowace da harafinta. R ce ke kawo wutar. W ta ɗumamawa ce, Y ta kwamfaresar sanyi, G ta fanka, C kuma ita ce hanyar da wuta ke komawa taransifoma. Bisa al'ada R ja ce, W fara, Y ruwan ɗorawa, G koriya, C shuɗiya ko baƙa. Amma babu dokar da ta tilasta wa mai haɗawa bin launi, don haka harafin da wayar ke ɗaure a kai a allon tanderu, wato faifan lantarkin da ke sarrafa shi, shi ne abin dogaro.

Tsohon tamostat, irin zagayayyen nan na Honeywell da ya fito a 1953, makunni ne kawai: sanyi ya yi, ya haɗa R da W. Daga nan tanderu ke bin matakansa. Ƙaramar fankar fitar da hayaƙi ta tashi, makunnin matsin iska ya tabbatar bututun hayaƙi a buɗe yake, makyasti ya yi ja, bawul ɗin gas ya buɗe, sandar gane harshen wuta ta shaida wutar ta kama, bayan kamar rabin minti zuwa minti ɗaya babbar fanka ta soma hurawa. Tunda tsohon tamostat ba ya cin wuta, gidaje da yawa an ja musu waya biyu ko huɗu kawai, babu C.

Rashin wayar C

Tamostat na zamani ƙaramar kwamfuta ce da ke bukatar wuta dare da rana. Da R da C, da'irar ta cika, ba shi da damuwa. Idan babu C, wasu samfuran, musamman na Nest, sukan yi abin da masu sana'ar ke kira satar wuta: su bar 'yar wuta kaɗan ta ratsa ta W ko Y, wadda ta isa cajin batirin ciki amma ba ta isa tayar da tanderu ba. Dabarar tana aiki a gidaje da dama, sai dai a kan siraɗi take tafiya. Allon tanderun zamani yana da saurin ji, yakan ɗauki wannan 'yar wutar a matsayin umarni, sai a ji tanderu na tashi yana mutuwa, ko makunnin kwamfaresa a waje na ƙas-ƙas ba dalili.

Abin da ya fi muni shi ne lokacin da matsalar ke bayyana. Satar wutar ta fi sauƙi sa'ad da da'irar take a buɗe, wato tanderu ba ya ci. A tsakiyar hunturu kuwa tanderu kan shafe sa'o'i yana ci, damar caji ta ragu, batir ya yi ƙasa, na'urar ta fara sakin Wi-Fi don tsimi, daga baya allon ya mutu. Wato a daren da aka fi bukatarsa yake gazawa, a ƙasar da ruwa kan daskare ya fasa bututun famfo idan gida ya huce. A Janairun 2016 wani kuskure a manhajar Nest ya zuƙe batiran na'urori da yawa, mutane suka wayi gari cikin sanyi, abin da ya nuna haɗarin dogaro da batir kaɗai.

Maganin da ya fi inganci shi ne a samar da C ta gaskiya. A fara janyo kebul ɗin kaɗan daga ramin bango, domin sau da yawa akwai waya ta biyar da aka naɗe ba a yi amfani da ita ba. A fere ta, a ɗaura a C ta ɓangarorin biyu. Masu gyara da yawa kan ɗaura a bango su manta da ɓangaren tanderu. In babu rarar waya, a ja sabon kebul mai waya biyar, ko ma takwas saboda gaba. Inda jan kebul ya gagara, ecobee na sa wani ɗan akwati a kwalinsa da ake haɗawa a allon tanderu, ya sa waya huɗu su yi aikin biyar, Google ma yana sayar da makamancinsa. Akwai kuma masu mayar da G ta zama C, su gada Y da G, wato su haɗa su da guntuwar waya, a allon tanderu. Yana aiki, amma an rasa ikon kunna fanka ita kaɗai.

Makunnan tsaro

Idan akwai C amma allon tamostat na mutuwa yana dawowa, a duba tanderun kansa. A wasu samfura, makunnin iyakar zafi idan ya buɗe yakan yanke wutar da ke zuwa R. Matatar iska ta toshe da ƙura, iska ta ragu, cikin tanderu ya yi zafi fiye da kima, makunnin ya yanke, tamostat ya mutu. Tanderu ya huce, komai ya dawo. Tsohon tamostat ba shi da allon da zai nuna haka, shi ya sa mai gida ke zaton sabuwar na'urar ce ta kawo ciwon, alhali tona shi ta yi. Haka makunnin da ke kan kaskon da ke tara ruwan raɓar injin sanyi yake yi lokacin zafi: magudana ta toshe, ruwa ya taru, ya yanke R ko Y. Ƙofar tanderu ma tana da makunni, in ba ta zauna daidai ba wuta ba za ta zo ba sam.

Ba a gada makunnin tsaro don a samu ɗumi. Tanderun da ke ci da zafi fiye da kima na iya tsagewa ya saki iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa.

Matakan bincike

Kafin a taɓa waya, a kashe wutar tanderu daga makunninsa ko daga bireka, a ɗauki hoton wayoyin a bango da kuma a allon tanderu. Bolt 24 ba ya kisa, amma R ta goga C ko jikin ƙarfe na ƙiftawar ido, fis ɗin allon ya ƙone. Fis ne irin na mota, mai amfiya 3 ko 5, na 3 ruwan shunayya ne. A maye shi da irinsa; in aka sa babba, taransifoma ne zai ƙone a madadinsa. Idan sabon ya sake ƙonewa da zarar an kunna sanyi, a bi wayar Y har waje, inda ɓera ko injin yankan ciyawa kan ci rigarta.

Sai a dawo da wuta, a danne makunnin ƙofa, a sa mita a kan wutar AC, a auna tsakanin R da C a allo. Lafiyayyen karatu yana tsakanin bolt 24 da 28. In babu komai, matsalar na fis ce, ko taransifoma, ko makunnin tsaro. In akwai a allo amma babu a bango, waya ta tsinke a hanya. In akwai duka biyu, a sake kashe wuta, a cire tamostat, a murɗa R da W wuri guda, a kunna. Tanderu ya tashi ya ci lafiya, laifin na tamostat ne ko saitinsa. Ya ƙi tashi ko ya mutu bayan daƙiƙa kaɗan, laifin na tanderu ne ko wayar W, kuma in mutuwa yake bayan ya kama, sau da yawa sandar gane harshen wuta ce ta yi dauɗa. 'Yar fitilar da ke kan allo tana ƙifta lambar matsalar, fassararta na manne a cikin ƙofa.

A kula da ɗaurin kansa. Waya ta zama miƙaƙƙiya, a fere kamar santimita ɗaya, ta shige ramin har ƙarshe. Gidan da ke da taransifoma biyu, ɗaya na ɗumi a Rh, ɗaya na sanyi a Rc, ba a gada su, kuma C daga ɓangaren sanyi ake ɗaukowa.

Inda bai dace ba

Idan aka buɗe bango aka ga wayoyi masu kauri biyu ko huɗu da aka murɗe da hulunan roba, wutar gida ce ta bolt 120 ko 240 mai ciyar da hita kai tsaye, za ta ƙone na'urar nan take, tana kuma iya kashe mutum. Tsofaffin murahun gas masu samar da milibolt 750 daga harshen wutarsu ba su da abin ciyar da ita. Tsarin Infinity na kamfanin Carrier, mai haruffa A, B, C, D, bayanai yake aikawa ta wayoyin, don haka haɗinsa ba irin wanda aka bayyana a sama ba ne. A Birtaniya da yawancin Turai tukunyar ruwan zafi ake amfani da ita, makunninta sau da yawa bolt 230 ne, shi ya sa Nest da aka sayar a can ya zo da akwati daban da ake kafawa kusa da tukunyar.