Sandunan da ke riƙe aksul a motar hawan dutse: tambayoyi da amsoshi

Tun da ƙanena ya dawo Gusau da 'yar motar rimot irin mai hawan dutse, ba mu huta ba. Yara na son su ga ta hau tulin dutsen gini da ke ƙofar gida, makanikai kuwa kifa ta suke yi su ƙura wa cikinta ido, don abin da ke ƙarƙashinta shi ne ke ƙarƙashin manyan, an dai rage girma. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

Me ya raba wannan mota da sauran motoci?

Ba don gudu aka yi ta ba. Aikinta ta rarrafa kan duwatsu a hankali, tayoyi huɗu duk suna ja. A Amurka wasan ya fi ƙarfi, a wurare irin su Moab ta jihar Utah da hanyar Rubicon ta Kalifoniya. Ƙananan kuwa yawanci kashi ɗaya ne cikin goma na babbar, kamar Axial SCX10 da Traxxas TRX-4 wadda ta fito a 2017. Manya da ƙanana, akasarinsu aksul ɗinsu, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyi, miƙaƙƙe ne daga taya zuwa taya, gaba da baya. Idan tayar dama ta hau dutse, aksul ya karkace ya danna ta hagu ƙasa, kowa na taka wani abu.

Hilux ba ta da sandunan riƙe aksul a bayanta, ga ta kuma tana shiga ko'ina. Mene ne amfaninsu?

Sifirin ɗin bayan Hilux mai falle-falle ne, kuma aiki biyu yake yi: yana ɗaukar nauyi, yana kuma riƙe aksul a mazauninsa. Sifirin mai murɗi nauyi kawai ya sani. Ka ɗora mota a kansa ba sanda, aksul zai zame gaba ko baya, ya goce gefe, ko ya mirgina a kan kansa da zarar an taka totur. Hanyoyin guduwa uku ke nan, kuma sanduna su ke tare su, su bar masa hawa da sauka da karkacewa kawai.

Ribar ita ce ka raba aikin. Kana iya sa sifirin mai laushi ba tare da aksul ya yi sako-sako ba. Shi ya sa Land Cruiser 80 da ta fito a 1990 ta zo da mai murɗi gaba da baya, Jeep Wrangler ma ta koma kansa a ƙirar 1997.

Sanda huɗu ko sanda uku, wanne ya fi?

A nan ake yawan gardama, kuma rabin gardamar rashin kallon sitiyari ne ke jawo ta.

Tsarin sanda huɗu yana da biyu a ƙasa, biyu a sama. Na saman ana karkata su su nufi juna kamar bakin almakashi, sai su zama alwatika idan ka duba daga sama. Wannan karkatar ce ke hana aksul gocewa gefe, ba sai an ƙara wata sanda ba. Masu haɗa irin motocin nan suna neman buɗewar ta kai kamar digiri 40 ko fiye, in ba haka ba riƙon gefen ya yi rauni, bushin su riƙa cin wahala. A aksul na baya wannan tsari ba shi da na biyu a ganina, aksul na hawa da sauka tsaye ba tare da jirgawa ba.

Tsarin sanda uku yana da biyu a ƙasa, ɗaya a sama, sai wata da aka gitta daga shasi zuwa aksul. Ita ake kira Panhard, sunan wani tsohon kamfanin motoci na Faransa. Ita ke riƙe gefe. Aibinta shi ne kanta na tafiya ne a kan baka, wato layi mai lanƙwasa, don haka duk hawa ko sauka sai ta ɗan ja aksul gefe. Doguwa kuma kwantacciya ba ta ja sosai.

To me ya sa ake sa ta a gaba? Saboda injin da tukunyar mansa sun cinye wurin da sandunan sama za su haɗu, sannan saboda sitiyari. Idan akwatin sitiyari a jikin shasi yake, sandar da ke tura taya ita ma a gicce take, ita ma baka take bi. Ka sa Panhard mai tsawo ɗaya da ita, kwance a layi ɗaya da ita, sai su tafi tare. Ka sa sanda huɗu mai alwatika a wurin, aksul zai sauka tsaye, sandar sitiyari ta bi bakanta, tayoyi su juya ba wanda ya juya su. A 'yar rimot ma haka ne: idan ɗan injin juya tayoyi a kan aksul yake zaune, sanda huɗu ta wadatar, idan a shasi yake kamar na TRX-4, sai da Panhard.

Akwai kuma tsarin gaban Land Cruiser 80 da tsohuwar Land Rover Defender, hannu biyu masu kauri da kowanne ya kama aksul a wuri biyu. Yana da ƙarko da natsuwa a titi, amma da aksul ya fara karkacewa sai hannuwan su yi ta kokawa da juna, robar bushin ce kawai ke sasanta su.

Me ya sa wata motar ke durƙusawa ta baya idan ta fuskanci hawa, wata kuma ta riƙa tsalle?

Tsuguna gefen motar ka dubi sandar sama da ta ƙasa na baya. A zuciyarka ka miƙa su gaba har su haɗu. Daga inda tayar baya ta taɓa ƙasa, ja layi ya ratsa ta mahaɗar nan, ya wuce har saitin aksul na gaba. Sai ka kwatanta tsayin layin a can da tsayin cibiyar nauyin motar, wato wurin da nauyinta ya daidaita.

Idan layin ya bi ta ƙasa sosai, da an ba ta wuta baya zai zauna, gaba ya yi sama, tayoyin gaba su rasa kamu, a hawa mai tsayi har ta nemi kifewa ta baya. Idan ya bi ta sama sosai, sanduna za su ture jikin motar sama su danna tayoyi ƙasa. Jin farko abin daɗi ne, amma da taya ta sulɓe sai turin ya saki, jiki ya faɗo, taya ta sake kamawa, ya sake tashi. Tsallen ke nan, kuma shi ke karya shaf da haƙoran giya. Abin nema yana tsakani, inda baya bai zauna ba bai kuma yi zumbur ba.

A 'yar rimot gwajin minti biyar ne. Shasinta na da ramuka jere. Ka sauke kan sandar sama na jikin shasi rami ɗaya, turin ya ƙaru. Ka ɗaga shi, ya ragu. Ni da yaran nan mun fi koyo daga ramukan nan fiye da duk wani zane.

Wace tazara ake bari tsakanin sandar sama da ta ƙasa?

A jikin aksul, ma'aunin da aka saba shi ne kusan rubu'in tsayin taya. Taya mai inci 37 tana son kamar inci 9, tayar rimot mai milimita 120 kuma kamar milimita 30. Aksul na son mirginawa, na sama na ja, na ƙasa na turi. Idan suka matsu da juna, kamar kwance noti ne da guntun sifana, ƙarfin da ke kan kowace sanda ya ninka.

Doguwar sanda ta fi guntuwa?

Yawanci eh. Doguwa bakanta mai faɗi ne, aksul ba ya matsowa gaba da baya sosai, farfela ma, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa aksul, ba ta shan lanƙwasa. Sai dai ta ƙasa idan ta yi tsawo ita ke fara gogar dutse, shi ya sa za ka ga wasu an ɗan gantsare su sama.

Motar da ta fi karkata aksul ita ta fi hawa, ko ba haka ba?

A hoto kam ta fi kyau. Tayar da ke lilo a ƙasa ba nauyi a kanta ba ta jan komai. Mota mai laushi fiye da kima kuma, idan ta bi gefen gangare irin na sulɓaɓɓen dutsen Kwatarkwashi, jikinta zai kwanta gefe tun tayoyi ba su gaza ba. Ga kuma murɗin farfela, wanda ke karkata jiki ya ɗaga ɗaya daga tayoyin gaba, kuma laushi na ƙara masa ƙarfi. Nauyi a ƙasa ya fi ƙarin karkata amfani, dalilin da masu rimot ke ɗaura tagulla kusa da tayoyi ke nan.

Abin da ya yi aiki a ƙarama, zan iya kai wa mai walda ya yi mini a babba?

Kusurwoyin za ka iya, lissafinsu ɗaya ne. Ƙarfin ƙarfe ne ba ya bin ka. Idan ka rage tsawo sau goma, kaurin yankin sanda ya ragu sau ɗari, nauyi kuwa sau dubu. Ma'ana ƙaramar ta fi babbar juriya kusan sau goma a kan girmanta, shi ya sa take faɗowa daga tulin dutse a ɗauke ta a karkaɗe. Babbar tana son bututu mai kauri da aka yi don ɗaukar nauyi, a sandunan ƙasa sau da yawa mai faɗin inci 2 da bango rubu'in inci, ba fayif ɗin ruwa ba. Kunnuwan da sanda ke kamawa su riƙe noti ta gefe biyu, walda kuma ta shiga jiki. A tsarin sanda uku musamman, ta sama ita kaɗai ce ke hana aksul mirginawa, kuma idan ta gaba ta tsinke, sitiyari da birki tare za su tafi. In motar za ta riƙa hawa titin Gusau zuwa Tsafe da mutane a ciki, a bar mata sandunan kamfani, a canja bushin da shokazoba idan sun gaji.