Waiwaye: Shekara 39 ana neman sirrin mutuwar fozitiron

A 1932 ne Carl Anderson, a jami'ar Caltech da ke Amurka, ya ga sawun wata baƙuwar ƙwaya a hoton da ya ɗauka. Nauyinta daidai da na ilektiron, ƙwayar da ke ɗauke da wutar lantarki, amma cajinta kishiyar nasa ne. Ita ce fozitiron, wadda lissafin Paul Dirac ya riga ya hango. Da zarar ta haɗu da ilektiron, su biyun sukan ɓace ƙurmus, galibi su bar haske mai ƙarfi guda biyu, wanda ake kira gamma, da ke tafiya baya da baya. Wannan hasken ne na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta PET ke kamawa a asibiti.

Masana sun ɗauka lissafin mai sauƙi ne: gwargwadon yawan ilektiron da ke jikin molikul (dunƙulen atam), gwargwadon saurin mutuwar fozitiron, wato wannan ɓacewar. Sai a 1963 Paul da Saint-Pierre, a Kanada, suka gwada shi cikin iskar gas, abin ya ƙi. Ɗauki butan, wanda ke cikin gas ɗin girki. Ilektiron 34 kawai gare shi, amma yana cinye fozitiron kamar mai sama da 10,000. Daga ina sauran suka fito?

An yi ta hasashe, babu kayan gwadawa. A ganina, wanda ya fi cancantar yabo shi ne Clifford Surko, domin ya yi haƙurin ƙera tarko a ƙarshen shekarun 1980. Ana tura fozitiron cikin siririyar iskar naitirojin, ta yi ta karo har ta huce, filin maganaɗisu kuma ya riƙe ta kada ta taɓa bango. Da haka aka iya harba ta da ƙarfin da aka zaɓa.

A 2002 ɗakin gwajinsa a San Diyego ta Amurka ya nuna abin da Gleb Gribakin ya lissafa: idan ƙarfin fozitiron ya dace da wata karkarwar molikul, sai ta miƙa masa ƙarfin, ta maƙale a jikinsa na ɗan lokaci. Baƙon da ya zauna ya fi mai wucewa haɗuwa da mutanen gida, shi ya sa mutuwar ke sauri.

Lissafin ƙarfin wannan maƙalewa ya ƙara cin shekara 20. Sai a 2022 Dermot Green da abokan aikinsa a Belfas ta Ireland ta Arewa suka fitar da wanda ya dace da awon molikul da dama.