Waiwaye: Gwamnatoci da Dokokin Hana Shan Ƙwayoyin Ƙara Kuzari a Wasanni

Tun a 1928 hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta haramta shan ƙwayoyin ƙara kuzari, amma haramcin ya daɗe yana kan takarda kawai, domin babu hanyar gwajin da za ta kama mai laifi. Sai da aka rasa rai sannan aka farga. A 1967 ɗan tseren keken Birtaniya Tom Simpson ya faɗi ya mutu yana hawan dutsen Ventoux a gasar Tour de France, aka kuma samu ƙwayar amfetamin a jikinsa. A shekarar da ta biyo baya aka fara gwada 'yan wasa a gasar Olamfik. A lokacin ana ɗaukar matsalar a matsayin ta ɗan wasa da mai horar da shi, ba a kawo gwamnati cikin lissafi ba.

Jamus ta Gabas ce ta nuna cewa lissafin bai cika ba. Daga 1974 gwamnatin ƙasar ta tsara shirin ba 'yan wasanta magungunan gina tsoka, musamman Oral-Turinabol da kamfanin gwamnati na Jenapharm ke sarrafawa, kuma an kiyasta cewa wajen mutum 10,000 abin ya shafa, ciki har da 'yan mata masu ninkaya da ba su balaga ba, waɗanda ake ce musu bitamin ne. Ƙasar da jama'arta ba su kai miliyan 17 ba, sai ga ta tana zarce Amurka a yawan lambobin zinare a gasar Olamfik, kamar yadda ta yi a 1976 da 1988. Ta fuskar kuɗi da filaye da makarantun horo, da wuya a sami gwamnatin da ta tallafa wa wasanni kamarta, kuma wannan tallafin ne ya nakasa dubban matasa. Sai a 2000, bayan haɗewar Jamus, kotu ta sami shugaban wasannin ƙasar Manfred Ewald da laifi.

Ko a ƙasashen da gwamnati ba ta raba ƙwaya da hannunta, yadda take raba kuɗi yana da nasa tasirin. Bayan an ƙwace lambar zinaren ɗan tseren Kanada Ben Johnson ta tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, Kanada ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a Charles Dubin, kuma rahoton da ya fitar a 1990 bai tsaya a kan ɗan wasan ba, ya soki yadda ake auna tallafin gwamnati da yawan lambobin da aka ciwo. A ganina wannan na cikin muhimman abubuwan da aka taɓa faɗa a kan batun, ko da yake gwamnatoci da yawa har yanzu da lambobi suke auna nasarar kuɗin da suka kashe.

Abin da ya tilasta haɗa hannu shi ne badaƙalar ƙungiyar keke ta Festina a 1998, lokacin da jami'an kwastan na Faransa suka kama motar ƙungiyar maƙare da magunguna a kan iyakar Beljiyam. Jami'an gwamnati ne suka tono abin da gwajin hukumomin wasanni ya kasa ganowa. A watan Nuwamban 1999 aka kafa hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, WADA, wadda daga baya ta zauna a Montreal, kuma daga 2002 gwamnatoci ke biyan rabin kasafinta, ɓangaren Olamfik ya biya rabi. Kundin dokokinta ya fara aiki a 2004. Da yake WADA gidauniya ce mai zaman kanta wadda dokarta ba ta hawa kan ƙasa mai cin gashin kanta, sai aka bi ta hannun UNESCO aka ƙulla yarjejeniya a 2005, ta fara aiki a 2007, yanzu kuma ƙasashe sama da 190 sun amince da ita. An yi wa kundin gyara a 2009 da 2015 da 2021, kuma gyaran 2015 ne ya ɗaga hukuncin mai shan ƙwaya da gangan daga shekara biyu zuwa huɗu.

Tsarin ya dogara ne da cewa kowace ƙasa za ta kafa hukumar gwaji ta kuma ɗauki nauyinta, ba tare da ta sa mata baki ba. Rasha ta nuna inda raunin yake. Rahoton 2016 na Richard McLaren, lauyan da WADA ta sa ya yi bincike, ya ce 'yan wasan ƙasar fiye da 1,000 sun amfana da rufa-rufar da aka yi tsakanin 2011 da 2015, har da musanya kwalaben fitsari ta wata kafa a bangon ɗakin gwaje-gwaje a gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Sochi ta Rasha a 2014, da hannun jami'an leƙen asiri. An ba kura ajiyar nama ke nan. WADA ta dakatar da ƙasar shekara huɗu a 2019, kotun sauraren ƙararrakin wasanni ta rage zuwa biyu.

A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa, matsalar ta fi karkata ga rashin kuɗi da sakaci. Gwaji abu ne mai tsada: a horar da jami'ai, a bi ɗan wasa har inda yake atisaye ba tare da sanarwa ba, sannan a aika samfur zuwa ɗaya daga cikin ɗakunan gwaje-gwaje kusan 30 da WADA ta amince da su. Na Bloemfontein a Afirka ta Kudu, wanda ƙasashen Afirka da dama suka dogara da shi, an dakatar da shi a 2024. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 an hana 'yan wasan Najeriya 10 shiga fili, ba don an kama su da ƙwaya ba, sai don ba a yi musu gwaji uku na bazata da doka ta tanada a cikin wata goma kafin gasar ba. Kenya, wadda aka dakatar da 'yan gudunta da dama, ta yi dokar kanta a 2016, sannan a 2022 gwamnatinta ta yi alƙawarin ware dala miliyan 5 duk shekara har shekara biyar, abin da ya taimaka mata ta kauce wa dakatarwa baki ɗaya.

Dogaro da kuɗin gwamnatoci ya kuma ba su sandar dukan ita kanta WADA. Amurka, wadda ta yi dokar Rodchenkov a 2020 don hukunta masu shirya maguɗin ƙwaya ko da a wajen iyakarta aka yi shi, ta riƙe dala miliyan 3.6 na kasonta na 2024, bayan da aka bankaɗo cewa an samu ƙwayar trimetazidine, wadda aka haramta wa 'yan wasa, a jikin masu ninkaya 23 na ƙasar Sin a 2021, WADA kuma ta karɓi bayanin cewa gurɓacewar abinci ce ba tare da ta ɗaukaka ƙara ba. Riƙe kuɗin ya sa Amurka ta rasa kujerarta a kwamitin zartarwar hukumar.